Gorar Eriyar Gidanmu

Tun da yayana ya rasu a hanyar Abuja, kan babur ɗin da Baba ya saya masa, Inna ta daina yi wa Baba magana. Ba faɗa, ba zagi. Abinci ma ni ke kai masa. A ganinta shi ya saya wa ɗanta ajali.

Abu ɗaya ya rage tsakaninsu: eriyar talabijin. A kan doguwar gora take, bayan tagar Inna a gidanmu na Bagama, kuma iska kaɗan sai hoto ya koma yayyafi. Baba ya ce Dutsen Zuma ne ke tare mana. Da la'asar sai ya fita ya kama gorar yana murzawa, Inna na kallon akwatin tana cewa ta taga, "Malam, kaɗan. Koma. Tsaya, ya yi." Wallahi na sha ganin hoto ya fito sarai, Baba ya wuce wurin da gangan don ta sake cewa koma. Ita ma ta sani.

Sai aka ce an sauya tsari, tsohuwar eriya ta tashi aiki. Tashoshi suka ɗauke. Ƙanena, uban iyayi, ya zo da dikoda da farantin kama tashoshi da mai ɗaurawa, aka kafe farantin a bango da kusoshi. Mutumin har da cika baki wai ko guguwa ba ta motsa shi. Hoto tar. Kowa na sam barka, ni kam kamar in shaƙe ƙanen nawa.

Gidan ya yi tsit. Wata la'asar na leƙa baya, na tarar da Baba, dattijo da furfurarsa, yana tura farantin da sanda. Na koma wajen Inna da sauri. Amma sabon abin bai san yayyafi ba, ko ya kawo ko ya ɗauke. Allon ya yi baƙi ƙirin. Inna ta juya wajen taga, ta buɗe baki, babu abin da za ta ce a ƙara ko a rage. Sai ta ce da ni, "Kira mai gyara."

Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Baba bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Bayan arba'in ƙanena ya ɗauko adda zai sare gorar, wai ta zama tarkace. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Bar ta. Ban gama magana da shi ba."