Gudu da Tafi

Ina shekara goma sha biyar aka kulle ni a gida, ba don na yi laifi ba. Lokacin ne bom ke tashi a tasha da kasuwa a Gombe, Baba kuwa ya yanke cewa 'yarsa ba za ta ƙara taka titi da ƙafa ba. Keke Napep ya ɗauke ni daga ƙofar gidanmu a Federal Low-Cost, keke ya dawo da ni. A makaranta ma aka soke wasanni, wai kada a tara yara a fili. Ni da nake cin tseren mita ɗari biyu, na koma kamar buhun masara a kusurwar ɗaki.

Cikin 'yan watanni na lalace. Barci ya ƙaurace mini, kaina kullum yana sarawa, ko murfin tukunya ya faɗi sai na zabura. Ƙannena suka sha duka a hannuna ba gaira ba dalili. Inna ta gwada rubutu, ta gwada ƙwayoyin kemis, duk a banza.

Maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce, mutuniyar Kaltungo, muna ce mata Mama. Wata Lahadi da ta dawo daga coci a Herwagana ta shigo, ta duba idona, ta kama hannuna.

"Hajiya, yarinyar nan ba magani take so ba," in ji ta. "Jikinta ya cika da tsoro, ba ta da inda za ta zubar. Ku bar ta ta yi gumi."

Inna ta ce za ta gaya wa Baba. Na san amsarsa, don haka ban jira ba. Washegari da gari ya waye na ɗaure takalmina, na zura dogon hijabina na makaranta, na fice.

Wallahi ban yi tunani ba. A shekarun nan babu abin da mutane ke tsoro kamar yarinya cikin dogon hijabi, balle tana gudu. Ina karyo kwana sai layin ya watse. Masu jiran ƙosai suka zubar da kwanoni, mai shayi ya tsallake bencinsa, Goggo mai ƙosai ta ture kaskonta, mai ya malale a ƙasa. Ni kuma da na ga kowa na gudu, sai na ɗauka wani abu ne ya biyo ni, na ƙara wuta. 'Yan sintirin unguwa ne suka tare ni daga nesa da sanduna, suna ihu in ɗaga hannu. Na ɗaga, na cire hijabin a tsakiyar titi, ina kuka don takaici.

Baba bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Da soja ne a wurin, da yanzu gawarki nake wa salla. Kin gama gudu."

Gaskiyarsa ce, amma na ƙi yarda. Mutanen da ban taɓa gani ba sun hana ni kasuwa, sun hana ni filin makaranta, yanzu kuma ƙafafuna ma sai na miƙa musu? Raina ya ɓaci sosai.

Da yamma na bi layinmu gida-gida. Na fara da Goggo, na durƙusa na ba ta haƙuri, ta zage ni son ranta. Kowane gida magana ɗaya na faɗa: gobe ƙarfe shida da rabi zan yi gudu, ni ce, da ƙaramin hijabi soke cikin riga, kuma ina tafi da hannu don kowa ya ga babu komai a tare da ni. Wasu suka yi dariya. Wata tsohuwa ta tambayi jikarta ko aljanu ne suka shige ni.

Da safe na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu, labari ya riga ya kai masa.

"Koma ciki."

"Baba, wata nawa rabona da barci? In na koma ɗakin nan, ai masu bom sun same ni ke nan, ba sai sun zo ba."

Bai ce je ki ba, ya dai matsa gefe.

Gudu da tafi akwai wuya, numfashi ba ya isa, ga kunya kamar ƙasa ta tsage. Mai shayi ya miƙe zai arce, sai na ji Goggo ta daka masa tsawa: "Zauna, mahaukaciyarmu ce!" Ta buga matsami a bakin kasko tana bin tafina. Sau uku na zagaya layin, na dawo jiƙe sharkaf.

Ran nan da na dawo daga makaranta na kwanta a tabarma, ko takalmi ban cire ba. Ban farka ba sai gab da magariba. Na tashi a firgice ina tambayar me ya sa ba a tashe ni la'asar ba. Inna ta nuna mini ƙofar ɗakin da baki. Baba ne zaune a dokin ƙofa tun azahar, mutumin da ko minti biyar ba ya yarda a jinkirta salla, yana korar ƙannena da hularsa.

"Ki rama sallar," in ji shi, bai ko juyo ba. "Gobe ƙarfe nawa?"