Ranar da Nahum Ya Ce Da Sauƙi

Nahum mutumin Bukur ne, can kusa da Jos, ɗan wani tsohon leburan kuza. Allah ya ba shi jiki, ya kuma ba shi kai. Idan ya tsaya a ƙofar ɗakinmu a unguwar Wangsa Maju sai falon ya yi duhu, amma ni kan nasa ne ya fi ba ni mamaki. Tun yana yaro, a cocinsu shi ake waiwaya a tambaya lambar waƙa idan mai ja ya manta. Da ya zo Kuala Lumpur a 2004 yin digiri na biyu a kan kankare, mako biyu kacal ya haddace lambar kowace bas da inda take tsayawa. Ni Muhyiddeen, Bakatsine, da na riga shi zuwa da shekara guda, sai na koma bin bayansa kamar baƙo.

Shirinsa a tsare yake. Ya kammala bincikensa, ya tsaya gaban malamai a watan Disambar 2005 ya kare shi, ya koma Jos inda matarsa Ƙauna take koyarwa, shi ma ya kama koyarwa. Ba shi da gona, ba shi da uban gida. Kan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

A ƙasan gidanmu akwai mamak, wato shagon shayi da abinci irin na Indiyawa Musulmi. Mai shagon yana da tauraron ɗan'adam, kuma ranar Litinin da safe, lokacin da Amurka take cikin daren Lahadi, ana nuna ƙwallon Amurkawa. Ƙarti su kifa hular kwano, su cusa kafaɗun roba a cikin riga, su yi ta karo kamar ragunan layya da aka ɗaure wuri ɗaya. Ni ban taɓa gane kanta ba. Nahum kuwa har shayinsa ya huce bai sani ba.

Ana nan sai wani koci ya gan shi a tashar jirgi. Mutumin yana horar da wata ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta 'yan sha'awa a unguwar Cheras. Ya zagaya Nahum sau biyu yana dubawa, kai ka ce sa zai saya. Bakinsa ba ya rabo da kalmar nan ta Malay, boleh, wato zai yiwu. Ruwa ake yi, boleh. Ƙafa ta kumbura, boleh. Mu Malam Boleh muke ce masa, kuma ba zan ɓata takarda da sunansa na gaskiya ba.

Nahum ya dawo yana washe baki. A ganinsa wasan da yake kallo ne ya zo har gida, tunda ƙwallon duk siffar gwanda gare ta.

"Same game ne, Muhyi," in ji shi. "Waɗannan dai hula ce ba su samu ba."

To ba ɗaya ba ne, kuma Malam Boleh ya sani sarai. A zari-ruga doka ta ce ka rungumi mutum da hannu biyu, ka sa kafaɗa, ka kawar da kanka gefe. Nahum kuwa abin da ya gani a talabijin yake yi: ya sunkuyar da kai, ya taho a guje, ya tunkuyi mutum a ciki. Sau biyu alƙalin wasa yana hukunta shi. Maimakon kocin ya ja shi gefe ya gyara masa, abin da bai fi aikin yamma ɗaya ba, sai ya riƙa tafa masa, don 'yan sauran ƙungiyoyi sun fara sakin ƙwallo da zarar sun hango shi. Har suna ya raɗa masa, wai Ragon Afirka. Su Amurkawan da ake kwaikwayo, da hularsu da likitocinsu, a shekarar nan ta 2005 suka zauna suka hana finciko ɗan wasa ta wuyan riga daga baya, saboda ƙafafun da suke karyewa. Mu kuma a Cheras an saki mutum da tsurar kai, ana yi masa kirari.

Na yi masa magana sau ɗaya. Ya ƙwanƙwasa goshinsa da ɗan yatsa.

"Relax lah. Wannan dutsen Bukur ne."

Na yi dariya na bar maganar, kuma wannan ma yana cikin abin da nake tuhumar kaina da shi.

Wata Asabar bayan ƙaramar salla, saura mako uku ya kare bincikensa, ya ja ni kallo. An yi ruwa da azahar, filin duk caɓi. Ana cikin zagaye na biyu ya sunkuya yadda ya saba, shi kuma wanda ya nufa ya ɗago gwiwa. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar. Nahum ya faɗi, ya tashi, ya nufi wajen 'yan ɗaya ƙungiyar yana tangaɗi, sai da aka juyo da shi aka zaunar a bakin fili.

Malam Boleh ya tsaya a kansa. "Boleh? Can play?"

Nahum ya ɗago ya dube shi, ya fara magana da Hausa. Mutumin da ya rubuta shafi ɗari da wani abu da Turanci, Turancin ya gudu ya bar shi. Kocin ya waiwaya, ya hango ni, ya yafito ni da hannu. Na zo na durƙusa.

"Nahum, sannu. Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji shi.

"He say what?" in ji kocin, idonsa na kan agogo.

Na ce, "He says he's better."

Abin da na faɗa ke nan, ba ƙari ba ragi. Har yau idan na tuna sai na ji kamar na mari kaina. Wane mai jin Hausa ne bai san mece ce "da sauƙi" ba? Gwaggona Ɗelu da sauƙi ta ce mini ranar Talata, ranar Laraba muka kai ta makwanci. Ba labarin jiki ba ne, ladabi ne. Amsa ce da uwa take koya maka don kada ka ɗora wa mai gaishe ka nauyi, don kada ka zama mai raki. Musulminmu da Kiristanmu duk a kanta muka tashi. Na san haka kamar yadda na san sunana. Amma an tambaye ni da Turanci, sai na ɗauki kalmar na juya ta kamar ɗan aji ɗaya, na miƙa wa mutumin da ita kaɗai yake jira. Kamata ya yi in ce mutumin nan bai san inda yake ba, ku kira motar asibiti.

Malam Boleh ya dafa kafaɗarsa, ya watsa masa ruwa a fuska, ya tura shi fili. Ba a yi minti biyar ba ƙwallo ta biyo ta wajensa. Jiki ya yi abin da aka saba masa, kai ya sunkuya. Wannan karon bai tashi ba.

Kwana tara ya yi a asibiti. Jini ne ya taru a cikin kai. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki da kaifin harshe, ta ce bugun farko da hutu kaɗai zai iya warkewa, na biyun ne ya yi ɓarnar. Ta tambayi wanda ya mai da shi fili. Kocin ko kunya babu ya nuna ni, ya ce sun tambaya, abokinsa ya ce ya ji sauƙi. Na so in shaƙe shi a wurin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Amma bari ya gaya mini, shekara nawa yana wannan sana'a? Yana buƙatar tafinta kafin ya gane mutumin da ya nufi ƙungiyar da ba tasa ba? Ya gani da idonsa. Baki kawai yake nema ya jingina da shi, ni kuma na ba shi nawa.

An ɗage ranar kare binciken zuwa Maris. Na zauna a can bayan ɗakin, a jami'arsu da ke Jalan Semarak, ina kallo. Aka tambaye shi kwana nawa kankarensa ya yi kafin a gwada ƙarfinsa, tambayar da ko ni na san amsarta don yawan jinsa yana faɗa. Ya tsaya yana kallon allon, yana karanta aikinsa kamar wasiƙar wani. Malaman sun yi masa adalci, sun sake ba shi dama bayan wata shida. Ba abin da ya sauya.

Ni na raka shi filin jirgi. Na rubuta masa a takarda inda zai sauka da inda zai canza jirgi, na sa masa a aljihun gaba, mutumin da ya koya mini bas ɗin garin nan. Kafin shekara ta zagayo na ji Malam Boleh ya samo wani ƙaton, ana ta boleh.

Yanzu Nahum yana Bukur, yana taya wani ɗan'uwansa aikin lambu. Ƙauna ce ke riƙe da gidan, sun kuma sami 'ya mace. Ranar wasan ta goge a kansa gaba ɗaya, don haka duk bayan wasu watanni sai ya kira ni.

"Muhyi, an ce kana wurin. Wai me ya faru ne?"

Sau huɗu ke nan ina gaya masa, ban taɓa rage komai ba, har da abin da na ce wa kocin. Kowane karo sai ya ce, "Haba, ai ni na faɗa." Ya yafe mini, ya manta ya yafe, ya sake kira.

A kiran da ya yi na ƙarshe, cikin damunar 2009, na yi niyyar ba zan yi masa tambayar nan ba. Muna cikin magana yarinyar ta fara kuka kusa da shi. Na ji ya janye wayar daga bakinsa, ya rage murya, yana tambayar Ƙauna yaya ma sunan yarinyar. Ta gaya masa a hankali, da muryar wadda ta saba. Da ya dawo kan waya sai bakina ya riga ni.

"Yaya jikin, Nahum?"

"Da sauƙi," in ji shi.