Aikin da Ba a Faɗa wa Hajiya Falmata Ba

Har yau a asibitin nan ana cewa laifina a maganar Hajiya Falmata shi ne na cika baki. Ba haka ba ne. Laifina shirun da na yi ne, kuma ranar da na yi shi ba ta taɓa fita daga raina ba.

Ku sababbin ma'aikata, ni ce mai ciro kati da kiran marasa lafiya. Sakandare kawai na gama. Duk Asabar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana zuwa nan bayan Shahuci, kuma da yake Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni ce tafinta.

Wata Asabar kafin azumin bara aka kawo Hajiya Falmata daga Dala. Malama ce, tana koya wa matan aure karatun Alƙur'ani a gidanta. Ciwon jijiyar fuska ke damunta. Ruwan alwala na taɓa kuncinta na dama sai ta ji kamar an jona mata wutar lantarki. An cire mata haƙora uku a banza, ƙwayoyi kuma sun daina yi mata aiki.

Babban ɗanta, Alhaji Modu, ya ɗaga mini hannu. "Bari, 'yammata, ina jin Turanci. Ni zan gaya mata."

Likita ya zana aiki biyu a takarda. Na farko, a buɗe ƙashi kaɗan a bayan kunne, a janye jijiyar jinin da ke danne jijiyar fuskar, a sa wani ɗan abu mai laushi tsakaninsu. Babban aiki ne, da haɗarinsa da kwanaki a gado, amma sauƙinsa ya fi daɗewa, kuma galibi fuska ba ta mutuwa. Na biyu, a soka allura ta kunci a ƙona jijiyar. Nan da nan ake gamawa, ya fi dacewa da wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, sai dai gefen fuska kan mutu, a taɓa ba a ji, ciwon kuma yana iya dawowa. Ya ce jikinta da ƙwari, kowanne za ta iya, zaɓi nata ne.

Alhaji ya juya. "Hajiya, ya ce 'yar allura ce kawai."

"Duk doguwar maganar nan?"

"Turanci ne, tsawo gare shi."

Ta kalle ni. Ni da ake kira mai tsiwa, na sunkuya ina jera katin da yake a jere. Ta sa hannu a takardar amincewa da ajami, aka tura ta babban asibiti.

A waje ya ce mini, "A gidanmu ba a gaya wa babba abin tsoro. Ba wanda zai fasa kan uwata." Idonsa ya yi ja. Ba mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi.

Bayan babbar salla ta dawo da hankici a hannu. Ciwon ya tafi, leɓen ma ya mutu. Yawu na zuba ba ta ji, tana cizon kuncinta ba ta sani ba. Ta sallami ɗalibanta, ta ce wadda ba ta jin haɗuwar leɓenta ba ta gyara wa wata karatu.

Alhaji na fita amsa waya ta kamo gefen hijabina. "'Yar nan, ranar nan abu biyu na ga ya zana. Ɗayan fa?"

Na gaya mata duka, da alherinsa da haɗarinsa. Ta daɗe tana goge baki.

"Wataƙila da allurar zan ɗauka," ta ce. "Tsoron wuƙa nake. Amma da ni na zaɓa."

Da Alhaji ya ji na gaya mata, ya kai ƙarata. Sista babba, shugabar masu jinya, ta ba ni takardar gargaɗi, ta ce, "Ke likita ce? Aikinki kati." Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa tafinta ta tsaya kamar gunki ranar farko. A aikin nan, wanda ya rako shi ake kallo, mai ciwon kuwa kati ne.

Asabar ɗin da ta biyo na samu likita na ce, daga yau ko wa ya rako maras lafiya, ko farfesa ne, sai na maimaita masa komai da Hausa, ina kallon idonsa. Ya amince. Sista ba ta amince ba. Takardar gargaɗin tana cikin jakata, in ta rubuta ta biyu zan haɗa su.