Iya Inda Mace Za Ta Kai da Kwano a Ka

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne a Tamale, na haura saba'in, karatuna bai wuce allo da 'yan azuzuwan firamare ba. A lokacin da abin nan ya faru ina da injin niƙa a unguwar Kanvili, abin da muke ce wa nikanika. Na fi shekara ashirin a kansa, kuma matan unguwa sun san hannuna. Ni nake wasa haƙoran injina da kaina, garin tuwona ba a tankaɗe shi sau biyu, kuma ban taɓa bari ƙullin kokon wata ya ɗauki yajin barkonon wata ba.

Da na yi niyyar aikin hajji, sai na yanke shawarar sayar da injin, in na dawo in koma sayar da hatsi. Wanda ya saya aminina ne tun muna makarantar allo, manomi a ƙauyen Gbalahi. Gonar gadonsa ya sayar ya biya ni. Ranar cinikin muka zauna a zauren limamin unguwa. Aminina ya ce shi ba ƙarfe ya saya ba, matan da ke kawo niƙa ya saya, don haka in yi masa alkawari ba zan sake buɗe nikanika kusa da shi ba. Liman ya tambaya ina ne kusa. Aminina ya yi dariya ya ce iya inda mace za ta iya kaiwa da kwano a ka ba ta sauke ba. Na ce na yarda, har na zolaye shi cewa ya auna da matarsa, tunda ta fi kowa sauri. Aka raba goro, muka ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Washegari mai rubuta takarda ya rubuta mana yarjejeniya da Turanci. Bai san yadda zai rubuta maganar kwano ba, sai ya sa kawai ni ba zan buɗe inji a Kanvili ba. Muka dangwala yatsa.

Na dawo daga Makka, hatsi bai karɓe ni ba. Shekara biyu ina zaune a rumfa ina korar ƙuda. Ga shi duk matar da ta gamu da ni sai ta ce Alhaji ka tafi ka bar mu da tsaki, sabon mai injin bai iya ba. Maimakon in je in koya masa wasa haƙora, aikin da bai fi yini biyu ba, sai maganar ta riƙa yi mini daɗi. Na ɗauko takardar nan na sa aka karanta mini har sau uku. Sannan na kama shago a unguwar Jisonayili, tsallaken hanya kaɗan daga Kanvili, na kafa sabon inji da sunan matata. Ita kanta ta ce mini ba ta son sunanta a wannan abu, na ce ta bar wa maza maganar maza.

Ba a yi wata uku ba matan suka dawo wurina. Aminina ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara, ya ce ashe haka za mu yi. Ban kashe injin ba, na nuna masa kunne alamar ba na ji. Ya kai ni gaban liman, na tafi da takardata a aljihu. Liman bai ko karɓe ta ba, ya ce shi abu ɗaya zai tambaya, hannun wa ya gani a sama ranar Fatiha, nawa ko na matata. Na ce zamani ya canza, yanzu takarda ce shaida. 'Ya'yan aminina suka kai magana wurin lauya, muka yi ta zirga-zirga kusan shekara. A ƙarshe aka ce musu takarda ba ta ambaci Jisonayili ba, kuma injin ba da sunana yake ba. Na ci shari'a. Har shinkafa na sa aka dafa a gida.

Aminina ya rufe injinsa, ya sayar wa masu gwangwan, ya koma Gbalahi yana noma a gonar aro. Shekara shida muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, ya gaishe ni, in amsa, kowa ya kau da kai. Kullum ina cewa bayan salla zan je. Ban je ba har aka aiko mini ya rasu.

Ana gobe sadakar bakwai, wadda za a yi a gidan babban ɗansa da ke Kanvili, sai ga matarsa a ƙofar injina da kwanon gero a ka, tsohuwa tukuf, ga jikoki cike da gida amma ba ta aiko kowa ba. Na tashi na sauke mata, na niƙa da hannuna. Ta kwance bakin zane za ta biya, na ce haba yaya, Allah ya kiyaye in karɓa. Ta ajiye kuɗin a kan buhu. Ta ce ba rigima ta kawo ta ba, aunawa ta zo yi kamar yadda na ce, kuma tun daga ƙofar tsohon injin na Kanvili har nan ba ta sauke ko sau ɗaya ba.

Na rufe injin a watan. Na je na nemi gafarar 'ya'yansa, sun ce sun yafe nasu, na mahaifinsu kuwa ba a hannunsu yake ba. Da wannan nake kwana nake tashi. 'Yan kasuwa, musamman matasa masu sa hannu a takardu, ku ji daga bakin wanda ya ci shari'a: lauya zai iya nemo maka ƙofa a kowace takarda, amma kai ka san abin da ka ɗaga hannu a kai. In kuma akwai wanda kake cewa bayan salla za ka je wurinsa, ka tafi yau.