Basiru da Sunayen Wayoyinsa

A ƙauyen nan na bayan Dawakin Tofa, in soket ya fara ƙauri ko fanka ta tsaya cak, Basiru Mai Wayarin ake aikawa a kira. Gajere ne, ga tumbi tubarkalla, kullum tasta ta gwada wuta a saƙale a kunne. Da damina yana gona, gero da gyaɗa. Ana gama girbi ya zari filaya.

A Kano ya koyi aikin, wajen wani ubangida da magana take yi wa wuya. Shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa gaya masa sunan komai ba, sai dai "miƙo waccan", "kar ka taɓa wannan", in ya taɓa kuma ya sha ranƙwashi. Haka Basiru ya dawo gida, hannu ya iya aiki, baki bai san sunan komai ba. Shi ne ya raɗa wa kayan aikin sunayen mutanen gari. Wayar da take ɗauke da wuta ita ce Inna Amsa mai ƙosai, wadda ko sallama ka yi mata a karkace sai ta wanke ka tas. Wadda ba ta ja kuwa Malam Gana ne, bawan Allahn da akuya za ta ci masa shuka ya ba ta haƙuri. Launin waya? Ina ruwansa! Wadda ya samu ita yake ja. Akwai gidan da wallahi duk wayoyin shuɗaye ne.

To su mutane ai canjawa suke. Inna Amsa ta je Hajji ta dawo ta yi laushi tiɓis, har gyara take yi wa yara. Malam Gana kuma ya faɗa siyasa, ya koyi zagin da ko a tasha sai a toshe kunne. Basiru ya ce shi ba zai zalunci kowa ba, ya musanya sunayen. Gana ya koma mai wuta, Inna Amsa ta koma mai sanyi. Bai ga dalilin gaya wa kowa ba, ai kowa ya ga yadda suka koma.

Ana haka aka kawo aikin sa wa rijiyar burtsatse sola, kwamitin gari suka ce Basiru ne zai yi. Ya bi majalisa majalisa yana cika baki. Shi a wajensa in aka ɗauko baƙo daga Kano ya ja waya a garinsu, gara ya jefa filayar a rijiya.

Saura kaɗan a fara, ya kira Munir, abokin sana'arsa na Ɗanbatta da suka yi aiki tare a da, ya taya shi wani gyara a gidan dagaci. Munir yana kan tsani ya nuna wata waya.

"Basi, wannan wace ce?"

"Malam Gana ne."

Munir ya san Gana na da. Ya damƙa da hannu haka nan. Sai ji aka yi "Wayyo Allah!", aka tsinto shi a kwamin dusar awaki, tsanin a kansa.

Labari ya kai kunnen Injiniya Ramlat, wadda aka turo ta duba aikin solar. Ta zo gidan dagacin, ta buɗe akwatin wuta, ta nuna wa Basiru wata waya.

"Baba, wannan mece ce?"

"Da ko yanzu, ranki ya daɗe?"

"Kamar yaya da ko yanzu?"

"Ai ya danganta da shekarar da na yi wayarin gidan. In kafin Hajjin Inna ne..."

Ta dafe kai. Ta ce masa kowace waya sunanta ɗaya ne, launinta ɗaya: ja ita ce layif, mai wuta, baƙa nutural, mai sanyi, koriya ta ƙasa. An yi haka ne don wanda bai taɓa ganinka ba ya buɗe aikinka ya gane, ya koma gida da ransa.

"To in halinta ya canja fa?"

"Baba, waya ba ta zuwa Makka."

Ta ce ba zai taɓa solar nan ba sai ya bi duk gidan da ya yi wa aiki, ya naɗa wa kowace waya salatif ɗin launinta, sannan ya zo ta gwada shi.

Ran Basiru ya ɓaci, amma ya bi. Abin kunyar, a wasu gidajen shi kansa ya kasa tuna ko kafin Hajjin ne ko bayansa. A gidan liman ya yi cinke, wutar ta gaishe shi har hularsa ta faɗi. Daga nan ya daina cinke, ya ciro tastar daga kunne.

Ranar gwaji rabin gari ya taru a bakin rijiya. Munir ma ya zo, hannu a naɗe. Injiniya ta ɗaga jar waya. Basiru ya buɗe baki.

"Mal..." Ya haɗiye sauran sunan. "Layif, ranki ya daɗe."

Baƙa, ya faɗa daidai. Koriya ma haka. Ta ce ya je ya yi aikin, amma Munir ne zai riƙa bin bayansa yana dubawa. Basiru ya juya yana washe baki, ya miƙa wa abokin nasa baƙar waya.

"Riƙe, nutural ce, wallahi."

Munir ya ja da baya, ya laluba aljihu da hannunsa mai lafiya.

"Ko me ka kira ta, sai na sa tasta."