Wendell Tuominen da Jaket Mai Aljihun Hannu

Ranar Alhamis, shida ga Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina Wendell Tuominen a gidansa da ke Duluth, bayan jinyar ciwon daji. Shekararsa saba'in da ɗaya. Wanda ya ba mu aronsa ne ya karɓi abinsa, kuma can dukanmu muka nufa. Matarsa Marlys ce ta kira ni. Ina cikin kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, na jingine shebur na zauna a kan matakala, ban ma ji sanyin ba.

Wendell, na gaji. 'Yan shekarun nan na raka mutane da yawa, har baƙar kwat ɗina ta fara sheƙi a gwiwar hannu. Yau kuma ga shi kai nake rubuta wa.

Wanda bai san ka ba zai ce aikinka gyaran injin jiragen ruwan da ke dakon tama a babban tabkin garinmu. Wannan hanyar abinci ce kawai. Zuciyarka tana gareji, inda ka jera jaket ɗin fata irin na matuƙan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu. Ta asali guda ɗaya gare ka, ta kawunka, ta bushe ta tsattsage tana kwance a akwati. Sauran duk kwaikwayo ne na maɗinkan zamani, mu abokanka kuma aikinmu kowace Asabar mu taru mu gano wanda ya fi kusantar ta asalin. Tsofaffi da furfura, muna ta da jijiyar wuya a kan zif da launin zare. Allah dai ya yafe mana.

Kai ne alƙalinmu. Sai ka rufe tambarin maɗinki don kada suna ya ruɗe mu, ka sinsina fatar, ka murɗa hannun rigar kusa da kunnenka ka saurari kukanta, ka ɗiga mata ruwa ka ga yadda za ta sha. Sannan ka ɗago ka ce, “Wannan doki ne, ko saniya ce ta yi shigar doki?” In ta tunkiya ce, mai gashi a ciki, sai ka nutsa yatsunka ka girgiza kai: “Wannan tunkiyar yunwa ce ta kashe ta.” Gordy Pavelich, abokin gardamarka, ya ce, “Kai dai hancinka ne ya tsufa, mutumina.” Daga nan an ɓalle ke nan har kofi ya huce.

Amma ba don hancinka nake kewarka ba. Mutum nawa ka ara wa jaket ɗinka ya sa hunturu guda, don kada ya yi odar abin da zai dame shi? Bakin hannu nawa da asu ya cinye ka sake wa mutane, ka ƙi karɓar ko godiya? Shekarar da matata Doreen ta rasu na kulle kaina a gida, ba na ɗaga waya. Kowace Asabar sai na ji ƙarar motarka. Ba ka taɓa ce min in yi haƙuri ba. Cewa kake, “Tashi, an kawo wata daga Japan, Gordy na can yana zuba shirme, ina bukatar mai shaida.” Haka ka riƙa jana har na dawo cikin mutane.

Akwai jaket ɗaya a can ƙarshen layi wadda ka raɗa wa suna 'Yar Kanti. Marlys ce ta saya maka ranar da ka cika hamsin. Ta ga kana son irin kayan, ta shiga babban kanti ta zaɓo wadda ta fi yi mata kyau: fatar ɗan rago mai laushi kamar safar hannu, da aljihu biyu a gefe na sa hannu. Ka yi godiya, ka rataye ta, ba ka taɓa sawa ba. Daga baya ma ta zama abin koyarwarka. Duk baƙon da ya shigo sai ka ɗauko ta ka ce, “Ka ga wannan? Duk abin da ba a so yana jikinta. Aljihun hannu! Soja bai taɓa yarda matuƙi ya tsaya hannu a aljihu ba.” Sau da yawa Marlys tana bakin ƙofa da tire. Abin da take cewa bai wuce, “Ga kofinku nan, manyan masana.” Ta ajiye ta koma. Shekara ashirin tana jin wannan karatu, kuma duk mai ido ya san yana sukarta.

Da ciwo ya kama ka a watan Satumba, ni nake kai ka asibiti ranar ƙarin magani. Marlys ta daina tuƙi saboda idonta, kai kuma ka hana ta zaman jira, wai tana cika ma'aikata da tambaya. Ka rame har agogo yana yawo a hannunka. Ta tunkiyar nan da kake taƙama da ita ta yi maka nauyi, in ka sa sai ka ranƙwafa. Ta dokin, wadda ka ce babu kamarta a duk ƙasar nan, tauri gare ta, sai na taya ka cusa hannu kana cije baki. Maganin kuma ya sa yatsunka ba sa jure sanyi, ko marfin mota ka taɓa sai ka ce kamar wuta. Kuma duk cikin kayan nan naka masu daraja, babu mai wurin ɓoye hannu.

Wata safiya ka fito da baƙar leda a hammata. Sai da muka sha kwana ka ce in tsaya. Ka cire ta dokin da ƙyar, ka ciro 'Yar Kanti ka zura, ka tura hannu biyu cikin aljihu, ka lumshe ido.

“In ka yi dariya na sauka,” ka ce.

Na ce ban ce komai ba.

“Ka bar ta a motarka. Kada Gordy ya ji. Marlys ma kada ka gaya mata, ni zan faɗa da bakina. Bari dai in samo yadda zan fara.”

Haka muka yi hunturun nan. Ka fito gida cikin ta doki kana ɗaga wa Marlys hannu, mu sha kwana ka sauya, in mun dawo ka sake sauyawa. Na yi maka tuni har na gaji. Kullum amsarka, “Mako mai zuwa.” Wallahi taurin kanka ya fi na fatar dokin nan, Wendell, ban taɓa ganin irinsa ba.

Washegarin rasuwarka muka taru a gareji. Marlys ta ce mu zaɓi wadda za a sa maka a akwatin gawa, tunda mu ne masana. Gordy, idonsa jajur, ya ce ai babu zance, ta doki. Wani ya ce ta tunkiya. Har an fara ɗaga murya, ka san halinmu. Marlys ba ta saurare mu ba, tana kallon ƙarshen layi inda maratayi yake wayam.

“Tawa dai tun kaka ba na ganinta,” ta ce a hankali. “Ya gaji da ita ya jefar ke nan. Ba komai. Da ma ba ta dace da nan ba.”

Ka ce kada in faɗa, kuma ban faɗa ba. Fita na yi zuwa mota na ɗauko ta, na shimfiɗa a kan teburinka ƙarƙashin fitila. Mutanen da suka yi shekaru suna karanta fata ba sa bukatar bayani. Gordy ya sa tabarau ya sunkuya. Gwiwar hannun ta kakkarye daidai lanƙwasar hannunka, wuyan ya yi duhu, bakin aljihun biyu ya goge har ya yi fari.

“Wannan ba sawar kwana biyu ba ce,” in ji Gordy. Ya cire tabarau. “Tsohon banza. Kullum yake cikinta.”

Marlys ta ɗauka ta sa a jikinta. Ta tura hannu a aljihu, ta ciro takardun alewar tari da ka tara a ciki, ta tsaya tana kallonsu a tafin hannunta. Can ta share ido ta ce, “Ku sa masa ta dokin, ya je ya yi taƙamarsa. Wannan tana nan wurina.”

Haka aka yi. Ranar jana'iza iskar tabki tana yanka fuska, muna tsaye a bakin coci cikin kayanmu na gani na faɗa, kowa yatsunsa sun ƙage yana hura su da baki. Marlys ce kaɗai hannunta ke cikin aljihu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Marlys, da 'yarku Annika da maigidanta, da jikokinka, da ƙanwarka Lorraine, da tsofaffin gareji da ba su san inda za su nufa ranar Asabar ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, Wendell, ya yafe maka kurakuranka har da taurin kan, ya haskaka makwancinka, ya hutar da kai daga ciwo da sanyi. In tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.

Maganar da ka yi ta neman yadda za ka fara, ka kwantar da hankalinka. Ta ji.