Wandunan Baba Dogara

Baba Dogara mutumin Tafawa Ɓalewa ne, ya daɗe a Xintang ta ƙasar Sin yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano dilolin wandon jins. Ni kuwa da na gama jami'a a Guangzhou aiki ya ƙi samuwa, sai na koma yi masa tafinta. Duk wandon da aka yar saboda aibi, yakan ɗinke bakin ƙafafunsa ya adana. Na ɗauka rowa ce.

Wata Asabar ya loda wandunan nan a mota, ya ce in raka shi bakin teku, can kudu. Akwai wani tsibiri da ake takawa da ƙafa idan ruwa ya janye, a kansa tsohuwar coci da teku ke cin gindinta. A mota ya gaya mini zaizayar ƙasa ce ta cinye cocin ƙauyensu har da kabarin mahaifinsa, shi yana nan yana ɗaurin kaya.

Wata tsohuwa mai kama ƙaguwa ta ce mu dawo da wuri, ruwa zai taso. Na fassara masa. Ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Ɗan boko, ka taɓa ganin kogi ya kawo ba hadari?"

Na karanta batun tasowar teku a aji, amma sama garau take, sai na bi idona.

Muka yi ta ɗura yashi a wandunan muna jerawa a kusurwar cocin da ta rarake. Ko da na waiga, babu hanya, sai ruwa. Wayata ba sabis.

"Baba, ban iya iyo ba!"

"Ni ma haka. Miƙo wancan."

Ruwa ya kore mu ciki, ya biyo mu ta ƙofa, muka hau benci. Duk igiyar ruwan da ta bugi kusurwar nan sai ƙasa ta zubo daga sama. In ta faɗi, rufin a kanmu zai sauka. Ya dafa bangon yana addu'a da yarensu na Sayanci, ni ina tawa da Larabci.

Sai bayan la'asar ruwan ya ja. Rabin wandunan sun tafi. Bangon yana tsaye, da sabuwar tsaga wadda hannuna ke shiga.

Har yau ƙarar famfo na faɗar mini da gaba. Jiya na tarar da shi a bayan shago da allura a hannu, yana ɗinke ƙafafun wasu wanduna.

"Saifullahi, wannan karon tsohuwar za ta faɗa mana lokaci. Kai ke jin yarenta."